Yadda Maitama Ya Zama Mai Gadin Ruhewar Kakansa

Maitama taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan Sanda magini na Birnin Tsaba, saboda haka ina da izinin faɗar duk abin da ya zo bakina a kansa, shi kuwa iyakarsa ya girgiza kai ya ce, "Allah shi shirye ka, Jafaru." Shekara hamsin ke nan yana wannan addu'a, har yanzu ana dubawa.

Dogo ne siriri, in ya shiga gonar gero sai ya yi tari za ka bambance shi da kara. Ba ya faɗa, ba ya musu, bai taɓa ɗaga murya ko ga jakinsa ba. Na taɓa ganin ya zare gamsheƙa daga cikin dami da sanda ya jefar kamar tsohuwar igiya, bai ko katse maganar da yake yi ba. Amma miƙa masa takarda mai hatimi, ko da ta maganin tari ce, ka ga yadda zai goge hannu biyu a riga kafin ya karɓa. Bai yi boko ba. Ni ne na yi, har aji biyu na sakandare a Ƙaura, kafin makarantar ta gaji da ni.

Abin da ya gada gonaki biyu ne, da gida, da ruhewa, wadda mutanen gabas ke ce wa rumbun ƙasa. Kakanmu Sanda ya gina ta shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Ƙaura, kuma bai ƙara gina kamarta ba. Tana bayan gida a bakin hanya, da ƙaton ciki da ɗan ƙaramin wuya, kamar randar da aka yi wa ƙattin farko. Ba ta taɓa ƙasa. A kan duwatsu tara take zaune, an gitta musu azarar giginya, iska na wucewa ta ƙarƙashi, kaji na shan inuwa suna tsince duk garar da ta yi niyyar hawa. Ba ta da ƙofa. Bakinta can sama yake, an kifa masa jinka. Sai ka taka wasu duwatsu da Sanda ya dasa a jikin bangon ka hau, ka ɗaga jinkar, ka sauka da igiya. Dami ɗari uku take ci. Ni dubu nake cewa, kuma ba wanda ya taɓa shiga ya ƙaryata ni.

Abin mamakinta bangon. Duk girman nan, kaurinsa bai fi faɗin tafin hannu ba, wajen wuya kuwa yatsa uku. Tsofaffi sun ce da ƙasar suri ya kwaɓa, da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, ya bar kwaɓin ya ruɓa kwana bakwai. Zagaye ɗaya yake ɗorawa a yini, ba ya ƙarawa sai na jiya ya bushe.

Irin wannan gini ba a gama shi. Kowace bazara, kafin ruwan fari, sai an yi masa yaɓe, shafi ɗaya marar kauri, da tafin hannu kawai, a bi shi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a kuma sake baibayar jinka. Tun yana saurayi Maitama ke wannan aiki. Kafin ya fara yakan zagaya yana ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, kunne a manne, kamar malamin asibiti. Ya ce ruhewa numfashi take yi: da damina ta sha laima, da rani ta fitar. Shi ya sa gero ke shekara uku a cikinta, ka sussuka ka daka, ka rantse na bana ne. Gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba, ko shekarun da maƙwabta suka ci irin shuka. Dukan abin da Maitama ke taƙama da shi a duniya ke nan, shi ma a zuci.

Sai aka ba mu jiha. Shekara ta zagayo, bayan girbi, wata farar mota ta tsaya a gindin ruhewa, wani matashi mai suna Malam Hafizu ya fito da littafi da abin ɗaukar hoto. Ya ce daga wani ofishi yake a Gusau, an aiko su neman kayan tarihi, don da aka raba gari duk abin nuna wa baƙi ya zauna a Sakkwato, sabuwar jiha kuwa ba ta zama hannu sake. Yaro ne mai ladabi, ya zagaya ruhewar sau uku yana faɗin Masha Allah. Ya tambayi Maitama shekarunta. Maitama ya dubi littafin, ya ce ta dai daɗe.

Ina nan zaune da dattawa biyar a inuwa. Na ga dama ta samu. Na ce shekararta ɗari huɗu da ashirin. Na ce a wata tsohuwar yunwa gari bakwai suka ci daga cikinta wata goma sha ɗaya ba a ga gindinta ba. Na ce wani mayaƙi ya taɓa ɓuya a ciki da dokinsa da sirdinsa. Dattawa suka sunkuyar da kai, gemu na rawa. Ba wanda ya gyara, don a wajenmu in taubashi na tsokanar taubashinsa na uku ba ya sa baki. Shi kansa Maitama ba halin ya musa, don wanda ya musa maganar taubashi ya nuna ta yi masa zafi, shi aka ci ke nan. Ya yi ɗan murmushi kurum. Ni jira nake baƙon ya fashe da dariya a wajen doki. Da na duba, rubutawa yake yi.

Wata biyu suka dawo da takarda. Aka tara mu a ƙofar mai gari, Malam Hafizu ya karanta da Turanci, ya juya da Hausa. Ruhewa ta shiga kulawar gwamnati. Ba a ƙara mata komai, ba a rage mata, ba a gyara ta sai da izini a rubuce. Maitama ne mai kula da ita, zai kasance a kusa duk sa'ad da baƙi suka zo. Maitama ya dangwala yatsa. Sannan, ba wanda ya tambaye shi, ya ɗaga kai ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa ba zai saɓa ko kalma ɗaya ba. Mai gari ya ce ai ba sai da rantsuwa ba. Ta riga ta fita.

Kafin damina aka turo birkila daga Ƙaura da buhunan siminti, wai a kare ginin daga ruwa. Sunansa Terna, mutumin Binuwai, ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta fi ta wasu malaman makaranta. Ya shafa bangon da hannu, ya yi tsaki. Ya ce su ma a ƙauyensu suna da rumbunan ƙasa, kuma wanda ya sa wa ƙasa siminti kamar ya ɗaure wa mutum leda ne a fuska. Ya ce da Maitama in ya hana, shi zai kwashe kayansa ya koma ya ce mai abu ya ƙi. Maitama ya tambaya ko siminti na cikin takarda. Terna ya ce tasa takardar dai ta ce haka. Maitama ya je ya ɗebo masa ruwa.

Terna gwani ne, abin da ya ɓata lamarin ke nan. Ya ɗaure ruhewar da waya, ya lulluɓe ta daga gindi har wuya, sumul, ba ko hudar allura. Aka shafa mata farin fenti, aka kafa allo mai ɗauke da shekara ɗari huɗu da ashirin. Dokin dai Allah ya sa ba su rubuta ba. Na ce wa Maitama yanzu ya zama babban ma'aikaci, ya kamata ya sayi tabarau. Ya ce Allah shi shirye ni.

Baƙi sun zo sau biyu. Na farko 'yan makaranta ne, suka jefi kaji suka tafi. Na biyu wasu manya ne da suka ɓata hanya.

Kulsumu matar Maitama ce ta fara ganewa. A rani na biyu ta dama fura ta kawo masa, ta tsaya ba ta tafi ba. Ya kurɓa, ya ajiye ludayi. Ta ce, "Malam, geron ga shina warin ɗaki ruhe." Ya hau ya buɗe jinka, wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskarsa. Zangarniyoyin da ke jingine da bango sun yi baƙi, sun fara furfura. Ya sauko ya zagaya yana ƙwanƙwasawa, amma siminti murya ɗaya gare shi ko'ina. Sai wajen gabas, inda ruwa ke bugu, ya ji ta amsa kamar ganga. A wuya ya tarar da 'yar tsaga, inda siminti ya rabu da tsohon baki. Nan ruwa ke shiga. Hanyar fita ce babu.

Maganin a hannunsa yake, yini biyu ya isa: a ɓamɓare siminti, a bar ƙasa ta sha iska, a yi yaɓe. Maimakon haka ya sa rigar Juma'a ya hau mota zuwa Gusau, karo na farko a rayuwarsa, ni ne ɗan rakiya. Muka tarar an canja wa Malam Hafizu wurin aiki. Wanda ke kan teburin ya saurare mu da kyau, ya ce a rubuto. Na rubuta, da Turancina na aji biyu, wanda ko ni in na sake karantawa sai na yi tunani. Shiru. Na sake rubutawa. Bazara ta zo, maƙwabta na yaɓen ƙananan ruhewoyinsu, Maitama na zaune a kan turmi yana kallon tasa, hannuwa a tsakanin gwiwa. Kulsumu ta ce in hadari ya taso ba ya iya cin tuwo.

A shekarun nan yayan Kulsumu, Amadu, wanda ke harkar dabbobi a Shinkafi, ya yi ta aiko masa ya zo su yi rani tare, akwai alheri. Maitama na son dabba, ya san saniya tun daga tafiyarta. Ya ce takarda ta ce ya kasance a kusa. Da aka yi bikin 'yar ƙanwarsa a Banga, ya je da safe ya dawo kafin la'asar, bai ko tsaya cin abinci ba. Kasuwar Zurmi in ya je, sai ya yi ta waige kamar ya bar jinjiri a bakin rijiya.

Sai Shari'a ta zo. Gari ya ɗauki wa'azi, rediyo ba ta maganar komai sai ita, kowa ya zama masanin hukunci, har masu shayi. Ran nan na iske Maitama zai hau ya fiddo dami. Na gyara murya na ce ya dai yi hattara, yanzu zamani ya sake: ruhewa ta gwamnati ce, wuri ne rufaffe, wanda ya buɗe rufaffen wuri ya ɗauki abu kuwa ya san sunansa. Na dubi hannunsa na dama na ce ashsha, ga shi dogo mai kyau. Na yi dariyata na wuce. Bayan mako biyu Kulsumu ta tare ni a zaure, ko gaisuwa babu. Ta ce tun ranar bai ƙara hawa ba, dami arba'in na ciki suna ruɓewa, su kuwa dawar da ke ɗaki suke lallaɓawa. Ta ce, "Kai wasa kaka yi, shi ba ya da wurin aje wasa in da hukuma ciki. Ka gyara abin da ka ɓata."

Na je na rantse masa wasa nake yi. Ya ce ya sani, amma wasana na farko ma ai ga shi a allo.

Na ja shi gaban alƙali a Zurmi, ba ƙara ba, neman fatawa. Dattijo ne mai haƙuri, ya saurara har ƙarshe, ya rufe baki da hannun riga a wajen doki. Ya ce gero na Maitama ne, mutum ba ya satar abinsa, kuma barin abinci ya lalace shi ne laifin. Rantsuwa kuwa, in saɓa ta ya fi alheri, a saɓa a yi kaffara: a ciyar da miskinai goma, wanda bai samu ba ya yi azumi uku. Fuskar Maitama ta fara sakewa. Ya ce, "Allah gafarta malam, to takarda hwa?" Alƙali ya juya ta gaba da baya. Ya ce wannan ba a gabansa take ba, waɗanda suka ɗaura su ke kwancewa.

Muka koma Gusau. Ofishin ya tashi. An kafa sababbin hukumomi, an raba ɗakuna, a ɗakin da muka sani wasu ne daban ke zaune da wani aiki daban. Masinja ya tura mu wani gini, can aka ce ai maganar kayan tarihi tana wancan, wancan kuma aka ce mai makullin ya tafi kwas. Ba wanda ya wulaƙanta mu, har ruwan sanyi aka ba mu. Wani mai kirki ya ce shi dai a ganinsa ba wanda zai damu in an gyara. Maitama ya roƙe shi ya rubuta haka. Ya ce a'a, ba hurumina ba ne. A mota, daga Gusau har Ƙaura, Maitama na rungume da takardar cikin leda a ƙirjinsa.

Daga nan ya ɓullo da dabarar da ta kusa kashe shi. Tunda waje idon jama'a ne, zai gyara ta ciki. Ya ciyar da miskinai goma, ya ƙara da azumi uku wanda ba a ce ya yi ba. Ya kwaɓa ƙasa a cikin gida, bayan ɗakin girki. Bayan sallar asuba sai ya hau ya sauka, Kulsumu na miƙo bokiti, ni ina zaune a wuya ina zura masa da igiya, don ta ce hukuncina ke nan. Bazara ce. Kafin hantsi cikin ruhewar ya zama tukunya, in na leƙa sai idona ya yi ruwa. Warin ruɓaɓɓen gero kuwa, ungulu ta taɓa ratsawa ta sama ta canja hanya.

A rana ta huɗu na ji shiru ya yi yawa. Na kira, ba amsa. Na ce dogo, in ka mutu a ciki sai an nemo izini a rubuce kafin a fiddo ka. Can na ji muryarsa daga ƙasa, a shaƙe.

"Jafaru, yaɓen ba ya kamawa."

Na ce ya ƙara ciyawa.

"Ba ciyawa ba ce. Na sa yatsa ga bango, ya shige kamar tuwo. Na taɓo siminti daga nan ciki." Ya yi numfashi. "Wajen gabas ta mutu, daga ƙugu har kusa ga wuya. Rigar siminti ce kawai tsaye."

Da ƙyar muka jawo shi, ni da maƙwabci. Ya kwanta a inuwa, an zuba masa ruwa buta uku kafin ya gane mutane. Kulsumu ta ɗauke igiyar ta ɓoye, ta ce ruhewa ko miji, ta zaɓi wanda ke iya noma.

Ya yi kwana tara yana jinya. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma, ya watse. Kowa ya san damina ɗaya ta rage wa ruhewar, ko ƙasa da haka. A rana ta goma ya aike ni Ƙaura wurin Terna aron guduma da kurfi. Terna ya ji labari, ya rufe shagonsa ya biyo ni. Ya ce hannunsa ya sa, hannunsa zai cire, kuma shi ba ya tsoron a tambaye shi. Maitama ya gode masa, ya ce ya dai nuna masa inda wayar take. Yatsan da ke kan takarda na Maitama ne, shi zai yi bugun.

Da safe ya yi wanka, ya je ƙofar mai gari ya durƙusa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, zan taɓa kayan gwamnati. In sun zo, ni ɗai na yi, ban yi shawara da kowa ba." Mai gari ya ce Allah ya taimaka, shi dai bai ji komai ba. Maitama ya sake faɗa da ƙarfi don ya ji.

Rabin gari ya taru. Ya fara daga yamma. Bugu na farko hannunsa ya goce, na biyu siminti ya tsage, ya zame ƙasa falle guda kamar ɓawon gyaɗa. Ƙasar da ke bayansa ta yi duhu da laima amma tana nan da ƙarfinta. Ya ɗora tafinsa a kai ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ci gaba, kudu, arewa, Terna na yanke waya yana janye ɓaraguzai. Har azahar abin na tafiya, na fara shirya yadda zan ba da labarin. Sai aka zo gabas. Terna ya ce kowa ya ja baya. Maitama bai ma buga da ƙarfi ba. Simintin ya taho, bangon ya biyo shi, ba ƙara, kamar an zubar da garwar laka. Wuyan ya karkata, jinka ta sulmiyo ta faɗi a hanya. Baƙin gero ya malalo har ƙafafun mutane. Ramin da ya buɗe, jaki da kayansa zai shiga ba tare da ya sunkuya ba, kuma wannan karon ban ƙara ko taƙi ɗaya ba.

Maitama ya ajiye guduma, ya shiga ta ramin, mutum na farko da ya taɓa shiga ruhewar Sanda da ƙafa. Ya zagaya yana ƙwanƙwasawa. Ya fito ya ce daga gindi zuwa ƙirjin mutum lafiya lau take, duk zagayen. Abin da ke sama sai an sauke, don irin wannan siririn bango ba ya karɓar faci.

Suka sauke a yini biyu. Ya kwaɓa ƙasar suri, ya jira kwana bakwai yana kallon sama, ya fara ɗora zagaye ɗaya kullum. Maitama mai yaɓe ne, ba magini ba, kuma maginan da suka san wannan aiki duk sun kwanta dama. Cikin ya ƙi fitowa yadda Sanda ya fitar da shi, ya karkace wajen kudu. A zagaye na goma sha ɗaya ruwan fari ya sauka, dole ya tattara baki ya rufe a nan. Abin da ya samu gajeruwa ce mai ƙusumbi, dami saba'in take ci in an danna. Na ce masa ta yi kama da shi in yana ruku'u. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta yana da wushirya. Geron da ya zuba a wannan kaka ya kai bazara garau, Kulsumu ta aiko mini da fura don in shaida.

Na ɗauka an gama. Amma tun ranar da ya ajiye guduma ya sa Kulsumu ta ɗaure masa 'yar jaka: riga ɗaya, buta, carbi, bargo. Ta rataye a zaure. Da suka gama sauke bangon, kwana uku bai je gona ba, yana zaune a bakin hanya da hularsa, kada a zo a ce ya gudu. Ba wanda ya zo. Wata ya wuce, damina ta wuce. Na zauna na rubuta wasiƙa ta ƙarshe zuwa Gusau, na faɗi gaskiya: shekarun ƙarya ne, ni na ƙirƙira, ginin bai kai tamanin ba, kuma rabinsa yanzu na Maitama ne, a cire shi daga lissafin kayan tarihi. Na sa sunana da kyau. Ita ma shiru.

Bana shekara uku da rushewar. In mota ta rage gudu a bakin hanya, ko yana tsakiyar cin tuwo, sai ya wanke hannu ya miƙe. Da kaka ta wuce Amadu ya zo da kansa daga Shinkafi, ya ce ga wuri ya tanada, wata uku kawai, ya dawo kafin shuka. Kulsumu ta sa baki, ni ma na sa. Na ce masa wallahi, kuma ba da wasa ba, duk Gusau ba mai tuna akwai wata ruhewa a Birnin Tsaba, Malam Hafizu ma na ji yana Abuja. Sun manta da kai, dogo, ka tashi ka tafi.

Ya daɗe yana murza ƙasa a tsakanin yatsunsa. Na ga yana son zuwa, har ya tambayi Amadu ko farar saniyar nan ta haihu. Sannan ya ce, "In sun manta, su rubuto sun manta."

Amadu ya koma shi kaɗai a motar la'asar. Maitama ya raka shi har bakin hanya, ya tsaya daidai inda yake iya hango ruhewa.